Sunan da Laraba Ba Ta Kamawa

Abuja, 6 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Gwaggo Laraba, Fammar.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina gaida ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Ki gaida min 'yarki Mufida da maigidanta, da Baffa Ishiyaku. Mu nan lafiya lau, sai aiki.

Na san za ki ce yau kuma da wacce Amiru ya zo, mutumin da rabonsa da Fammar tun rasuwar Malam maigidanki, shekara uku ke nan. Ki yi haƙuri. Da waya zan kira, amma Mufida ta ce ke ba kya son maganar waya, kuma sabis ɗin garinku sai an hau tudu. Shi ya sa na ba Habu direba wannan takarda, tunda duk mako yana bi ta wajenku.

Ga dalilin rubutuna. Daddawar da kika aiko wa Umma, matar wani abokin aikina ta ɗanɗana ta a miyar kuka, tun ranar take damuna da tambaya. Da na zauna na yi tunani sai na ga kina zaune a kan arziki, kina tallarsa a faranti a kasuwar Kibiya.

Gwaggo, duniya ta canza. Yanzu ɗan kasuwa ba ya buƙatar rumfa. Shafi ake buɗe masa a intanet, a sa hoton kaya, mutum yana zaune a gidansa a Legas ya latsa waya a kai masa har ƙofa. Sunayen masu saye da hotuna da duk abin da ya shafi sana'ar, ana ajiye su a wani babban rumbu na na'urori da ke wata ƙasa, ana ce masa gajimare. Gara ba ta cinsa, gobara ba ta kai masa. Wannan shi ne aikina, kamfanina ya yi wa masu shaguna sama da talatin.

Abin da ake yayi bana kuma shi ne ƙirƙirarriyar basira. Na'ura ce ake koya wa muryar mutum, sai ta riƙa amsa wa masu saye kamar shi ne da kansa. Mutanen birni sun gaji da muryar 'yan mata masu iyayi, muryar tsohuwa ta gida suke so. Ina so in zo in ɗauki muryarki kwana biyu, ki yi ta hira a kan kalwa yadda kika saba. Muryarki za ta zauna a gajimare ko bayan ranmu.

Ke dai ki yi daddawa, sauran ki bar min.

Ɗanki,
Amiru

*

Fammar, 15 ga Fabrairu

Amiru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma da kaina na karanta, ba a banza na yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci ba. Ƙafa da sauƙi, sai in na daɗe a tsugune bakin murhu. Mufida tana ɗakinta a Rano, tana amsawa. Baffa Ishiyaku yana nan, tsufa ya ƙara masa faɗa. Tunda ƙanensa Malam ya rasu duk Juma'a sai ya leƙo ya ga ko ina buƙatar wani abu, Allah ya saka masa.

Wato sai da miyar kuka ta yi daɗi aka tuna da Fammar. Ba komai. Ubanka ɗan baffana ne, a bayana ya yi wayo, na san halin gidanku tun daga tushe.

Gajimare kuma? Mu nan abin da muka sani, gajimare ko ruwan da ya ɗauko ba ya iya riƙewa. Wannan ai cinikin biri a sama ne. Amma Mufida ta ce haka ake yi yanzu, kuma mata shida ne suke taya ni surfe da wanki, in kasuwa ta buɗe su ma tukunyarsu za ta ƙara nauyi. Don su na yarda. Ka zo.

Sai dai ka ji sharaɗina tun kafin ka ɗauro takalmi. Daddawata ta kalwa ce zalla. Yini guda a wuta, a surfa, a wanke sau uku, a mayar wuta, a rufe ta kwana uku ba mai leƙa ta. Daddawa ba ta son gaggawa, ɗana. Shekara talatin da biyar ina yi, ba a taɓa dawo min da ko ƙwaya ɗaya ba. Ba ni da gona, ba ni da shanu. Malam ya tafi ya bar min allo da buzu da mutunci. Daga Lausu har Durba, in aka ce daddawar Laraba ce, ba a shinshinawa, ɗauka ake yi. Wannan suna shi ne duk abin da na tara, kada ka yi min wasa da shi.

Batun murya kuwa, in dai surutu ne ka zo gidansa. Malam, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko babu wuta bakina zai dafa kalwa.

Ka gaida Ummanka, ka ce mata zumunta a ƙafa take, ba a miya ba.

Gwaggonka,
Laraba

*

Abuja, 9 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya ke da matan gidanki. Har yanzu ina tuna tuwon dawar da kika ɗura min kwana biyun da na yi a Fammar.

Albishirinki. Shafi ya buɗe wata guda ke nan, kuma buhu biyun da Habu ya kawo kwana tara suka yi suka ƙare. An saya daga Legas, an saya daga Fatakwal, har wata mata a ƙasar waje ta aiko tana tambaya. Na yi wa sana'ar rajista da sunan da ke katinki na ɗan ƙasa, wato Laraba Habibullahi, kamar yadda takardar da kika sa wa hannu ta nuna. Sana'a mai sunan mace 'yar karkara ta fi samun karɓuwa a yanzu. Ga leda ɗaya na aiko ki gani, da hotonki kina riƙe da ƙwarya.

Na'urar ta koyi muryarki tsaf, har 'yar dariyar nan da kike yi ta hanci. Umma ta kira don gwaji, sai da ta gaishe ta da ƙafa kafin ta tuna ba ke ba ce.

Matsala ɗaya ce. Buhu biyu a wata ba ya kai ko'ina. Goma nake so. A intanet, in mutum ya latsa ya ga babu kaya, ba ya dawowa, shafin wani zai tafi. Kwana ukun nan da ake rufe ta a mayar da shi ɗaya, akwai hodar da ake zubawa ta yi saurin nuna, zan aiko miki. In kalwa ta yi wuya a haɗa da waken soya, ba mai ganewa.

Ki ba Habu amsa a wannan zuwan.

Amiru

*

Fammar, 2 ga Yuni

Amiru,

Salama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya fara sauka, manoma sun fita shuka. Na ji daɗin labarin ciniki, matan ma sun yi guɗa.

Hodarka ta iso, na zuba ta a masai. Waken soya kuma, kada ka ƙara rubuta min wannan kalma. Ba mai ganewa, in ji wa? Ni zan gane. Ɗorawa sau ɗaya take 'ya'ya a shekara, ba ta san intanet ba. Ga damina ta shigo, shanya sai an yi dabara. Mun matsa mun yi buhu uku, har hannun Saudat, ɗaya cikin matan, ya tsage da surfe. Abin da zai samu ke nan. Wanda ya latsa bai samu ba ya yi haƙuri ya jira, ai ba maganin maciji ba ne.

Ledar na gani. Hoton ya yi kyau, har na ga kamar ba ni ba. Amma na kife ta a cikin kwalla, don ba na son idona yana sauka a kan rubutun nan. Ka san ba na kama wannan suna. Mu a gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, haka na tarar da uwata, haka ta tarar da tata. Ko ranar yin katin gwamnati ba ni na faɗa musu ba, Mufida ce ta faɗa, ni ina kallon ƙasa. Da ka tambaye ni da na ce ka sa Laraba mai daddawa, ya isa. To, rubutu dai rubutu ne, ku kuka yi, ba bakina ba. Na bar shi a haka.

Ka turo Habu ya ɗauki kayan kafin danshi ya taɓa su.

Gwaggonka

*

Fammar, 20 ga Satumba

Amiru,

Lafiya kuwa? Wata uku ba takarda, ba aike. Habu ya daina tsayawa a ƙofata, sai na aika masa wannan ta hannun Mufida a tashar Rano. Ya ce kai ka ce a dakata. Buhu ukun nan na raba na kai kasuwa da faranti kamar da. In shafin ne ya mutu ka gaya min, ba abin kunya ba ne, kasuwa ta gaji haka. In kuma ciwo ne, Allah ya sawwaƙe. Shirun ne ba na so.

Laraba

*

Fammar, 18 ga Nuwamba

Amiru,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na ji kana lafiya har ka sayi sabuwar mota. Ni ce ba lafiya, kuma kai ne ciwon.

Ranar Asabar ta wancan makon aka yi sunan jikar Baffa Ishiyaku a Durba. Tsakar gida cike da mata, dangin Malam kaf suna nan. Hajiya Saude, wadda take aure a can Abuja, ta zo da ledarka a jaka. Ta ce, "Laraba, ashe kin zama 'yar zamani, bari in kira ki a ji." Da wasa take, ba ta nufin komai. Ta latsa lambar da ke jikin ledar, ta buɗe sauti, ta ɗaga wayar sama.

Sai na ji kaina. Muryata, da 'yar dariyar da komai. Ta yi sallama, ta ce ita ce Laraba, ta faɗi sunan. Ba ta tsaya nan ba, ta ce matar Malam wane na Fammar, ta sake faɗa. Sau biyu cikin numfashi ɗaya, kamar mai tallar gyaɗa.

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. 'Yan mata suka sunne kai suna dariya. Na ce ba ni ba ce, na'ura ce. Wa zai yarda? Ga ni a zaune, ga muryata a sama. Baffa Ishiyaku yana zaure ya ji komai. Da na fito zan tafi na durƙusa gaishe shi, bai amsa ba. Ya ce wa mutanen da ke gefensa, ba ni ba, "Ashe jira take ƙanena ya shiga ƙasa ta hau tallar sunansa." Juma'a ta zo ta wuce, bai leƙo ba.

Bari in gaya maka abin da ka taɓa, tunda boko bai koya maka ba. Shekara arba'in da ɗaya na zauna da mutumin nan. Ranar da ciwonsa ya tashi muka kai shi asibiti, ma'aikaciya ta ce sunan mara lafiya. Yana kwance yana haki, ba kowa sai ni. Bakina ya ƙi. Sai na zaro katinsa daga aljihun rigarsa na miƙa mata. Yana cikin wannan hali ya dube ni ya yi murmushi. Ba tsoronsa nake ji ba, Amiru, bai taɓa ɗaga min murya ba. Abu ɗaya ne da nake da shi da zan iya ba shi, na ba shi. Kai kuma ka ɗauka ka zuba a waya.

Sannan na buɗe ledar Hajiya Saude na shinshina. Waken soya ne. Ba a wanke shi da kyau ba ma, yana tsami. Da fuskata a jiki. Ashe shafi bai mutu ba, ni ce aka cire. Ta ce min cikin tausayi, "Dama na ce ko tsufa ne ya fara taɓa hannunki."

Da ka rubuta cewa muryata za ta zauna ko bayan ranmu, na ɗauka daɗin baki ne irin naku. Yanzu na gane.

Ka rufe bakin abin nan. Ka cire hotona. Ka sayar da soyarka da sunan wanda ka ga dama. Ba roƙonka nake ba, umarni ne, ni na goyi ubanka.

Laraba

*

Abuja, 10 ga Disamba

Gwaggo,

Na ga takardunki duka biyu. Ina lafiya, na gode da ba ki tambaya ba.

Bari mu yi magana ta manya. Na nemi buhu goma kika ce uku. Na kawo dabara kika zuba a masai. To me kike so in yi, in rufe shafi in jira ɗorawa? Na samu masu yi min a nan kusa, buhu arba'in a wata, ba sa yi min wa'azi. Masu saye kuma ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Ba daddawa suke saye ba, Gwaggo, tsohuwa mai ƙwarya suke saye. Na gaya miki ba mai ganewa, kuma in ban da Hajiya Saude ba wanda ya gane.

Maganar suna kuwa, wallahi sai da na yi dariya. Mutum ya mutu shekara uku, sunansa ne zai ji ciwo? Kunya ba ta sayar da daddawa. Mutanen birni suna son su ji matar malami ce, yana sa su yarda da tsafta. Ki duba da kyau, sunan Malam bai taɓa kawo kuɗi yana raye yadda yake kawowa yanzu ba. Baffa Ishiyaku kuma ya ji da tsufansa.

Takardar Turancin da kika sa wa hannu ranar da na zo, ta ba kamfanina muryarki da hotonki. Ban ɓoye ba, ke ce ba ki tambaya ba, kina ta ba ni labarin yadda ake surfe. Gaskiya kuma na'urar ta fi ki iya zama Laraba. Ba ta gajiya, ba ta fushi, ƙafarta ba ta ciwo.

Amma kada a ce na zalunci tsohuwa. Shafin da sunanki yake a gajimare, kuma kamfanin da ke ba mu hayar rumbu ba ya rufe shafi sai da izinin mai shi. Ba da lambar sirri na kulle shi ba, da murya na kulle. Ga lambar waya a ƙasan takardar nan. Ki kira, a ce ki faɗi kalmar buɗewa, sai ki ce, "Ni ce Laraba Habibullahi." Ana ba da dama sau uku. In ya buɗe, ki ce a rufe, shi ke nan, murya da hoto duk su tafi.

Na san ba za ki iya ba. Shi ya sa na zaɓi wannan kalma.

Ƙarshe, ba ni da lokacin wannan rubuce-rubuce. Daga yau duk takardar da Habu ya kawo ofis za a ɗauki hotonta a ba na'ura, ita take amsa wa kowa.

Amiru

*

Rano, 14 ga Janairu, 2025

Amiru,

Daga gidan Mufida nake rubuto maka. Jikina lafiya, in kana son sani.

Wata guda na yi takardarka tana ƙarƙashin filona. Cikin matan da ke taya ni aiki huɗu sun daina zuwa, mazajensu sun hana. Yara in na wuce sai su maƙe murya su kwaikwayi wayar. Baffa Ishiyaku ya kwanta ciwo, na dafa kunu na aika, aka dawo min da kwanon a rufe yadda na kai.

Na yi ta juya abin a raina. In na yi shiru, na'urar tana can tana faɗar sunan safe da yamma, ga duk wanda ya latsa, har bayan raina kamar yadda ka yi alkawari. In na faɗa, sau ɗaya ne, sai ta yi shiru har abada. Na ga kamar in na ƙi, kaina nake karewa ba Malam ba.

Ranar Lahadi bayan na idar da walaha, na zauna a kan buzunsa na nemi gafararsa. Na ce Malam, ka san ba raini ba ne. Na hau mota na zo Rano, don a nan sabis ya fi ƙarfi. Mufida ta latsa min lambar, ta ajiye wayar a kan tabarma, na ce ta fita ta ja ƙofa. Ƙofar langa-langa ce, na san tana ji.

Wata murya ta yi Turanci, sannan ta yi Hausa, ta ce in faɗi kalmar buɗewa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Na sake. Amiru, na faɗa. Ban san haka sunan yake a baki ba, ashe yana da tsawo. Shekara arba'in da huɗu yana cikin ƙirjina, na fito da shi na ba wa waya a kan tabarma.

Muryar ta ce bai dace ba, in sake.

Na ce ko don na yi ƙasa-ƙasa ne. Na ɗaga murya na faɗa. Ta ce bai dace ba, saura dama ɗaya. Na share fuskata, na gyara zama, na tuna yadda abar nan take faɗa a Durba, na kwaikwaye ta. Ka ji ko? Ni na kwaikwayi ita. Har 'yar dariyar na yi. Na faɗa da ƙarfi, maƙwabta ma sun ji.

Ta ce, "Wannan murya ba ta mai shafin ba ce. An rufe wannan lamba." Ta kashe.

Mufida ta shigo tana kuka, ba ta iya kallona ba, ni ma ban iya kallonta ba. Muna zaune a haka sai abin ya faɗo min. Kwana biyun da ka yi kana ɗaukar muryata, ban taɓa faɗar wannan suna ba. To da wace murya ka kulle? Da tata ka kulle. Ƙofar shafin ba ta taɓa sanina ba. Ka san haka tun kana rubuta min lambar, ka zauna a ofis ka tsara yadda tsohuwa za ta tsuguna gaban waya ta tuɓe abin da ya rage mata, a banza.

A Durba ina da abin cewa, na ce ba ni ba ce. Yanzu ba ni da shi. In Baffa Ishiyaku ya tashi ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ban taɓa yi wa ɗan kowa baki ba. Na goyi ubanka, na yi maka tuwo da hannuna. Amma Allah ya isa tsakanina da kai, Amiru. Da bakina na faɗa, kuma inda na kai ƙarar an san muryata.

Laraba

*

Abuja, 21 ga Janairu, 2025

Zuwa ga abokiyar cinikinmu mai daraja, Rano.

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗi ƙwarai da kika tuna da mu. Da fatan kina lafiya ke da iyali. Na gode da addu'ar da kika yi mana, Allah ya karɓa, amin.

Na fahimci kin samu matsala wajen kiran lambarmu. Ki yi haƙuri, shafin mai shi kaɗai yake buɗe wa, don a kare sunana daga masu kwaikwayo. Sun yi yawa a zamanin nan.

Don kada ranki ya ɓaci, ga leda ɗaya kyauta na ba direba ya kawo miki. Ki gwada a miyar kuka, za ki ba da labari. Shekara talatin da biyar ina yi, ba a taɓa dawo min da ko ƙwaya ɗaya ba. In kina son ƙari ki latsa lambar da ke jikin leda, ni da kaina zan amsa. In an ɗan jinkirta kawowa ki yi min uzuri, daddawa ba ta son gaggawa.

Taki,
Laraba Habibullahi,
matar Malam Habibullahi na Fammar